Koren Fenti a Bayan Baba

"Baba, na ce maka yau ba zan samu zuwa ba."

"To wa zai shafa min bayan?"

Renelle ta matse wayar a kunne. Yau ranar sabuwar shekara, ranar babban wasan rufe kakar ƙwallon Amurka, kuma kamar da gayya aka haɗa Jami'ar Belcourt mai jar riga, inda take karatu, da Jami'ar Oakmere mai koriya, wadda mahaifinta zai iya mutuwa a kanta.

"Iyayen Colson sun gayyace ni rumfarsu... ka nemi wani mana."

"Shi ke nan, 'yar Baba," ya ce a hankali, ya kashe.

Duk jihar babu wanda bai san tumbin mahaifinta, Dewey Pickett, ba. Kowane wasa sai ya tuɓe riga, ya shafe jikinsa da koren fenti, ya tsaya bayan sandunan da ake harba ƙwallo tsakaninsu, ya yi ta girgiza tumbi don ya ruɗa mai bugun abokan hamayya. Gaba shi yake shafa abinsa. Baya kuwa aikin matarsa Lurleen ne, da ta rasu Renelle ta gada, har takan rubuta sunan uwar da farin fenti a tsakiya.

Ga shi Colson Whitlow, wanda ya sa mata zobe a watan jiya, shi ne mai bugun Belcourt. Kuma ko da wasa ba ta taɓa gaya masa ɗiyar wa ce ita ba.

Rumfar su Whitlow a filin ajiye motoci sai ka ce wurin biki: farin kyalle a tebur, furanni, shayi mai ƙanƙara a kofunan gilashi. Mahaifiyar Colson tana cikin gyara wa Renelle wuyan jar rigarta sai ta daskare.

"Ikon Allah, ga mutumin nan na talabijin. Nan ya nufo fa."

Baba ne, kore shar tun daga goshi har cibiya, rungume da kwanon wake da gasasshen haƙarƙari. Bai taɓa bari shekara ta kama ba tare da Renelle ta ci wakensa na neman sa'a ba.

"Renelle, kin san shi ne?"

Idanu suka yi mata caa. Wata a gefe ta toshe baki tana ƙunshe dariya.

"Maƙwabcinmu ne... a garinmu."

Baba ya tsaya cak. Ya dube ta, ya dubi farin kyallen, sannan ya ajiye kwanon a can bakin tebur.

"Haka ne, ranki ya daɗe. Babanta ne ya aiko ni da wake."

Ya juya. Allah Sarki! Bayansa fata ce tsirara, sai 'yan shatin yatsu a kafaɗa da ƙugu, iyakar inda hannunsa ya iya kaiwa. Renelle ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ɗebi waken cokali ɗaya, ta ajiye cokalin ba ta ƙara ba.

Aka fara wasa, ganguna da kakaki na tashi, ƙarti na ta karo da juna, ita dai ba ta ganin komai. Can aka kira Colson ya yi bugu. Babban allon filin ya shiga neman tumbin kamar yadda aka saba, magoya bayan kore suna rera, "Tumbi! Tumbi!"

Allon ya same shi a zaune, cikin tsohuwar kwat ruwan ƙasa, ya rufe maɓallai har wuya. Na kusa da shi suna jan hannunsa, shi ko ya sunkuyar da kai. Mutumin da ko ranar da ƙanƙara ta zuba bai sa riga ba.

Ƙwallon Colson ta wuce tsakanin sanduna salin alin. Masu ja suka ɓarke da ihu. Renelle ta fashe da kuka.

"Kukan murna ne, 'yata?" in ji mahaifiyar Colson.

"A'a, Mama. Ƙarya na yi muku. Mutumin nan mahaifina ne, shi ya raine ni shi kaɗai. Kunyarku na ji, yanzu kuma kunyar kaina nake ji."

Ba ta jira amsa ba. Ana busa hutun rabin lokaci ta zagaya filin, ta kutsa cikin koren taro da jar rigarta. Ana yi mata ihu, wani ya ce, "Yarinya, kin ɓata hanya, gidanku na can." Ta dai yi ta hawa matakala har ta iso.

Baba bai ɗago ba.

"Maƙwabciya, lafiya?"

Da mari ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Ta durƙusa a kan ɓawon gyaɗar da ke ƙasa, ta riƙe gwiwarsa.

"Baba, ka yafe min... don Allah ka yafe min."

"Ai ba ki yi laifi ba. Na duba madubin mota bayan na bar wurinku. Ni ma da ni ne ke, da na ce maƙwabci ne."

"Kar ka ƙara faɗin haka. Ina fentin?"

"Na bar shi a mota."

"Baba."

Can ya zura hannu a aljihun kwat, ya fito da 'yan gwangwanaye biyu, kore da fari. Ashe tun safe yana ɗauke da su.

Ta cire masa kwat ɗin da kanta. Babu burushi, da tafin hannu ta shafa, tana shafawa hawaye na ɗiga a kai. Da ta zo rubuta sunan, kafaɗunsa suka fara rawa.

"Tsaya mana, Baba, za ka karkata min Mama."

"Sanyi ne," ya ce, yana share ido.

Wasa ya zo ƙarshe Oakmere na gaba da maki ɗaya tak, saura bugu guda, kuma Colson ne zai yi. Baba ya waiwayo.

"Yaron naki ne fa. In kin ce in zauna, zan zauna."

Ta hango Colson yana ja da baya yana auna sanduna. Zuciyarta ta karye, amma ta ce, "Tashi ka yi aikinka, Baba."

Dewey Pickett ya miƙe. Tumbi ya cika allo, ga 'yarsa a gefe cikin jar riga, hannu kore har gwiwa. Colson ya ɗaga kai, ya gan su, ya buga. Ƙwallo ta bauɗe hagu.

Bayan an watse tana nan zaune, ta tabbata zobe ya gama zama a yatsanta. Sai ga Colson ya tsallako shinge da hular kwano a hannu, ido jajur.

"Tun ina shekarar farko a jami'a tumbin nan ke hana ni barci, ashe surukina ne. Me ya sa kika ɓoye min, rabin raina?"

"Na ji tsoron ka raina mu..."

"Wasa ɗaya na rasa yau, kuma zai daɗe yana min ciwo. Amma abin da kika ce a rumfa, da Mama ta faɗa min, ya fi min zafi." Ya juya wurin Baba, ya rusuna. "Baba, in an ɗaura, za ka sassauta min?"

"Ko ranar ɗaurin auren kuka haɗu da mu, sai na girgiza."

Colson ya yi dariyar da ta zo da ƙwalla. Baba ya juya masa baya, ya nuna da babban yatsa.

"Gai da surukarka tukuna."

Colson ya karanta farin rubutun a hankali, ya dafa ƙirji.

"Barka da sabuwar shekara, Mama Lurleen."

Renelle ta faɗa jikinsa tana kuka, hannayenta biyu suka bar kore a bayan jar rigarsa, bai kuma ce ta goge ba.