Matar da Ke Bayan Kifi

"Kifi ne fa, Kirsti. Kifi kawai."

Haka Ramiro ya ce da ni yana goge faranti, har da murmushinsa na wanda ya yi aikin lada. Ni kuwa da kumfar sabulu a hannu na tsaya ina kallonsa kamar yau na fara ganinsa.

"Sake faɗa mini... me ka goge?"

Ya sake faɗa. Bayan mun gama cin abincin ranar Lahadi na hau sama, sai Baba ya shiga mitar wayarsa ta ce ta cika. Ramiro ya karɓa ya duba, ya tarar da hotunan kifi ba iyaka. Ya bar masa waɗanda kifin ya fito sosai, kwance a kan ƙanƙara. Waɗanda hannun mutum ya shiga ciki kuwa, su ya bi ya share, har kwandon sharar wayar ya zazzage don aiki ya yi kyau. Ya ce wa Baba ya kwashe masa tarkace. Baba ya ce madalla, ya jefa wayar a aljihu ko dubawa bai yi ba, ya ɗauki bokitinsa ya nufi tafki.

Farantin da ke hannuna ya suɓuce cikin ruwa.

Ban ga laifin zumuɗinsa ba, Allah ya sani. Ramiro ɗan El Paso ne, can kudu ƙasar zafi, aikin jinya ya kawo shi asibitin garinmu a arewacin Minnesota, ni kuma na hana shi komawa. Tun da ya sa mini zobe yake neman shiga wajen Baba, amma Babana Arvo Lahti mutum ne da za ka wuni da shi ka tashi da kalma biyu. Har yau "yaron nan" yake ce masa. Babban abin da ya tsaya a tsakaninsu kuwa tafki ne. Ramiro ya rantse ba zai taka ƙanƙara ba, wai ruwa ruwa ne ko ya daskare, Baba kuma yana ganin wanda bai taɓa zama a bukkar kamun kifi a kan ƙanƙara ba bai gama zama mutum ba.

To ga shi garin neman gira an rasa ido.

Na zauna a kujera, na gaya masa abin da a gidanmu kowa ya sani amma ba mai faɗa.

Mamana Marlys, Allah ya jiƙanta, ba ta ƙaunar hoto. Da ta ga an ɗaga waya za ta tuna ta bar wani abu a kan wuta. Hoton aurensu ma fuskarta a kafaɗar Baba take, sai kunne da gashi. Wuri ɗaya kawai take yarda a ɗauke ta: in ta kama kifi. Masuntan nan duk haka suke yi, su miƙa kifin gaba da hannu biyu don ya yi girma a hoto. Mama sai ta ƙara da ɗaga shi daidai fuskarta. Baba ya yi ta faɗa, ita tana dariya a bayan kifi.

Ta rasu kafin Ramiro ya zo garin. Tun daga ranar, kullum da safe Baba zai haɗa kofi, ya zauna bakin taga, ya yi ta jan hotunan nan da babban yatsa. Mai wucewa zai ce tsoho na alfahari da kifayensa ne.

"Jar safar hannu..." in ji Ramiro a hankali. Tawul ɗin ya faɗi daga hannunsa. "Na ga jar safar hannu a kusan dukkansu."

"Ita ta saƙa ta."

Ya tambaye ni ko akwai su a wani wuri. Babu. Baba bai yarda da ajiyar intanet ba, ya ce abin da ba zai iya sa wa a aljihu ba, ba nasa ba ne. Ga kuma bikinmu na tahowa da bazara, mun riga mun shirya za a bar kujera ɗaya a sahun gaba na coci, a ɗora hoton Mama a kai kamar yadda ake yi wa iyayen da ba su ga ranar ba. Baba ya ce shi zai zaɓi hoton, ya kuma yi wata da watanni yana zaɓa.

Baƙin ciki ya sa na faɗi abin da ya fi ƙarfin bakina.

"Sau ɗaya mutuwa ta raba shi da ita, Ramiro. In ya sake rasa ta a hannunka, ban san yadda zan zauna da ku biyun a teburi ɗaya ba."

Bai kare kansa ba. Da ya yi musu ma da na ji sauƙi. Idanunsa suka cika, ya juya ya kira wata abokiyar aikinsa da ke kula da kwamfutocin asibiti. Ina jin muryarta sama-sama. Ta tambayi irin wayar, da ta ji tsohuwa ce mai ɗan memori a ciki, sai ta ce da sauran rai. Hoton da aka goge bai tafi ba tukuna, yana nan kwance har sai an ɗauki sabo ya hau kansa. Don haka a kashe wayar yanzu-yanzu, kada a kuskura a ɗauki ko ɗaya.

Muka kalli juna. Baba yana kan tafki, kuma duk kifin da ya shiga hannunsa sai ya ɗauke shi hoto kafin ma ya cire ƙugiya.

Na kira shi, ba a ɗauka ba. Daman in yana bukka, wayarsa kyamara ce kawai.

Muka shiga mota. A bakin tafki muka tarar an rufe hanyar motoci ta kan ƙanƙara, don sanyi ya fara ja da baya, sai dai a taka da ƙafa. Bukkar Baba tana can tsakiya, 'yar shuɗiya, kamar akwatin ashana. Na ce wa Ramiro ya jira ni a mota.

"Ni na ɓata," ya ce. "Ni zan je in faɗa masa."

"Kai da ka rantse?"

"Zuciyata, bar tuna mini. Ƙafafuna suna jinki."

Ya ɗora ƙafa ɗaya kamar mai gwada ruwan wanka, sannan ta biyu. Ƙanƙarar ta yi irin kukan nan nata mai tsawo daga ƙasa, wanda mu ko juyawa ba ma yi. Ramiro ya kira sunan kakarsa da na waliyyai biyu. Na ɗauka zai koma. Sai kawai na ga ya runtse ido ya zura da gudu, cikin takalmin zuwa coci.

Ya faɗi ya tashi, ya sake faɗuwa. Masunta suka riƙa leƙowa daga bukkokinsu, wani ya ɗaga masa kofi yana ce masa ya bi a hankali, kifin ba gudu zai yi ba. Ina biye da shi, haushinsa na cina, ga dariya ga hawaye, ga wani son sa da ya taso mini. A ranar na san ko me ya faru da hotunan nan, mutumin nan ya gama da zuciyata.

Ya banke ƙofar bukkar daidai lokacin da Baba ya ciro wani ƙaton kifi daga ramin da ya huda a ƙanƙara, hannu ɗaya a haƙarƙarin kifin, ɗayan yana laluben aljihu.

"Baba, kada ka ɗauka!"

Baba ya dube shi daga sama har ƙasa, wandonsa jiƙe, gwiwa a fashe.

"Yau kuma? Ruwan ya daina zama ruwa ne?"

Ramiro ya durƙusa a kan katakon bukkar yana haki, ya faɗi komai. Bai ce kuskure ne ba, bai ce ba a gaya masa ba. Ya ce ya goge hotunan Mama da hannunsa don yana son a ce masa ya iya.

Baba ya dubi kifin da ke hannunsa. Ya sunkuya ya cire ƙugiya, ya mayar da kifin cikin rami a hankali, ya tsaya yana kallon ruwan har ya daina motsi. Kifin da zai yi mako yana ba da labarinsa. Sannan ya ciro wayar, na ga babban yatsansa ya je kan fuskarta kamar yadda ya saba kowace safiya, ya tsaya a nan bai taɓa ba. 

Ya miƙa wa Ramiro.

"Kashe ta. Ni ban san wajen kashewa ba."

Muka kamo hanyar dawowa. Na lura Baba ya rage sauri, kuma duk inda ƙanƙara ta yi santsi sai ya riƙe wa Ramiro gwiwar hannu, fuskarsa na kallon wani wuri.

A teburin kicin Ramiro ya zare memorin da tsinken gashina, ya sa a kwamfutarsa, abokiyar aikin tana gaya masa abin da zai danna ta waya. A nan ma muka ji cewa ba hotunan ne suka cika wayar ba tun farko, wasu tarkace ne daban. Ramiro ya dafe kai. Baba ya tashi ya ɗora kofi, don shi ne abin da yake yi in duniya ta yi masa zafi.

Wani ɗan layi ya fara tafiya a fuskar kwamfuta, tafiyar hawainiya. Kofi ya huce a gabanmu. Na sa hannu ƙarƙashin teburi na kama na Ramiro, sanyi ƙalau.

Sai suka fara fitowa.

Kifi, da jar safar hannu. Wani kifin, da rani, ga zoben aurenta a yatsa. Wani ya dawo rabi, ƙasansa toka-toka, amma ana ganin hularta ta leƙo ta saman kifin. Baba ya jawo kujera kusa, ya sa tabarau, yana kiran sunan kowane tafki a ƙasan maƙoshi. Ba duka suka dawo ba. Ya nemi wani na ranar haihuwarta bai gani ba, ya ce a ci gaba.

Can ƙasa sai ga wasu hotuna da ban taɓa gani ba.

Mace ce tsaye a cikin kwalekwale, kifi ya kuɓuce mata yana sama, hannuwanta a buɗe, bakinta a buɗe, tana dariya har idanunta sun rufe. Na gaba, tana barci a kujerar mota da saƙa a cinya. Na gaba, ta juyo daga murhu tana nuna mai ɗaukar hoton da cokali.

Fuskar Mama. Fuskarta gaba ɗaya.

Na rufe baki da hannu, kuka ya ƙwace mini. Ashe duk shekarun nan Baba na satar ɗaukarta, ita kuma tana bin wayar a ɓoye tana gogewa. Abin da ya tono waɗanda Ramiro ya goge, shi ya tono waɗanda ita ta goge.

"Marlys..." in ji Baba. "Ɓarauniya. Na ɗauka wayar ce ke cinye su."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Tun da nake, ko a jana'izarta, ban ga hawayen Baba ba sai ranar.

Ramiro ya daɗe yana kallon matar da ke cikin kwalekwale, sannan ya juyo gare ni.

"Ashe dariyarki tata ce," ya ce.

Na kifa kaina a ƙirjinsa, a gaban Baba, ko kunya ban ji ba. Na ce ya yafe mini maganar da na faɗa. Ya ce in bari sai gwiwarsa ta warke ya yi shawara.

Kowa ya ɗauka hoton kwalekwalen za a sa a kujera ranar biki. Ni ma haka na so, na yi ta roƙo. Baba ya ƙi. Ya ce matar da ta yi shekaru tana ɓoye fuskarta, ba shi zai kai ta gaban cikakken coci ya buɗe ba, in sun haɗu me zai ce mata? Fuskar tasa ce, ta kofin safe. Ya ba ni kwafi guda, ya ba Ramiro guda, ya ce kada ya gani a intanet.

Don haka ranar aurenmu, a sahun gaba, kifi ne zaune a kujera cikin firam, da jar safar hannu biyu riƙe da shi. Dangin Ramiro da suka zo daga El Paso suka yi ta kallon juna. 'Yan garinmu kuwa duk wanda ya shigo sai ya tsaya a gaban kujerar ya ce, "Ga Marlys," wasu matan har da share ido. Da Baba ya rako ni gaba, ya ɗan tsaya ya gyara wa firam ɗin zama kafin ya sa hannuna a na Ramiro.

Amma ni ba ranar ce na san an karɓe shi ba. Tun kafin ƙanƙara ta narke ne, Lahadin da ta biyo bayan abin, Baba ya ajiye wasu tsofaffin takalman sanyi a bakin ƙofa, ya ce in yaron nan yana so ya zo. Muka tafi mu uku. Ramiro ya zauna a kan bokiti yana ƙanƙame da sandar kamun kifi kamar za a ƙwace, har Allah ya ba shi wani ɗan kifi da bai kai tafin hannu ba.

Baba ya ciro wayar. Sabon memori ne a ciki, ba a ɗauki komai a kai ba tukuna.

"Miƙo shi gaba," ya ce. "Da hannu biyu. Ƙara ɗagawa."

"Baba, ai zai rufe mini fuska."

"Na sani, ɗana. A gidan nan haka ake ɗauka."