Kaset Ɗin Mai Nutso

Laifin da ke cikin wannan labari hassada ce, irin wadda mutum ke goyo tun yana ɗan makaranta har gemunsa ya yi fari bai sauke ta ba. Mai irinta kuwa idan ya tashi ɓarna ba ya ɗaukar kayansa da kansa. Marar gata yake nema ya ɗora masa.

Ranar Lahadi da hantsi wasu dattawa biyu suka faɗo ofishin Sufeto Mishari a Salmiyya, ko sallama ba su ƙarasa ba. Na gaba shi ne Bu Fawwaz, attajirin kayan gini. Na bayansa amininsa ne Bu Talal, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa.

"An yi mini sata, ɗana," in ji Bu Fawwaz. Ya ajiye wani baƙin abu kamar sabulun wanka a kan tebur.

"Me aka sace, Kawu?"

"Wannan."

Sufeto ya dubi abin, ya dubi dattijon. Yana da fayil na motoci uku da suka ɓace, ga ciwon kai tun asuba.

"Ai ga shi a gabana."

"Kwanson ne a gabanka. An kwashe cikinsa."

Da ƙyar Sufeto ya tattara zancen, don su biyun tare suke magana. Kaset ne na wasa, irin wanda ake cusa wa tsofaffin kwamfutocin gida da ake haɗawa da talabijin. Sunan wasan Mai Nutso, labarin mai nutson lu'ulu'u. Duk Alhamis dattawa masu tara irin waɗannan kaset suna haɗuwa a diwaniyyar Bu Fawwaz, zauren hirarsa, a sha shayi, shi kuma ya kunna musu. A wannan Alhamis ɗin, da baƙi daga Bahrain a zaune, ya kunna, sai ga darasin lissafin yara ya fito, agwagwa tana tambayar biyu sau biyu.

"Dariya suka yi mini, a cikin gidana."

"A sayi wani mana, Kawu."

Bu Talal ya dafe ƙirji. "A saya a ina? Babu na biyunsa a duniya, ranka ya daɗe. Sauran sun ƙone a yaƙi, shekarar da aka mamaye ƙasar nan. Ko hoton cikinsa ba wanda ya taɓa ɗauka. Ɓarawon kuma sananne ne, Milad mai gyara. Ku soke iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan, ku sa shi a jirgi, a huta."

Sufeto ya san Usta Milad, ɗan Masar mai shagon gyaran rediyo a Hawalli. Bu Fawwaz ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa yake zaune a ƙasar. Sa hannu ɗaya ya isa a kwashe shi da matarsa da 'ya'yansa mata da ke tsakiyar karatu, a kai su filin jirgi. Kofur Bandar ma, da dattawan suka fara bugo wa waya, har ya riga ya kawo shi, yana zaune a bayan kanta.

"Ba wanda zai hau jirgi yau," in ji Sufeto. "Mu je in ga wurin."

Diwaniyyar cike take da kantoci, kaset jere har rufi, ga ƙamshin turaren wuta. Ƙofarta ba ta da kwaɗo.

"Haka kake barinta?"

"Wa ke kulle diwaniyya? So kake a ce Bu Fawwaz ya kori baƙi?"

"Yaushe rabonka da ganin wasan da idonka?"

"Kafin mu fita sansanin sahara da iyali. Mako guda muka yi."

Sufeto ya juya kaset ɗin a hannu yana neman inda ake buɗe shi, bai gani ba.

"Sukurun yana ƙarƙashin takardar," in ji Bu Fawwaz. "Riƙe shi ta gefe, don Allah, kana sa masa maiƙo."

Takardar da ke manne a gaban kaset ɗin lafiya lau take, hoton mai nutso bai ko karce ba. Sufeto ya kai ta hanci, ya ji warin sabon gam. Wani ya ɗaga ta a hankali, ya kwance sukurun, ya mayar da ita daidai kamar ba a taɓa ba.

Mai dafa shayin gidan ya ce a makon tafiyar ya ga Usta Milad ya shigo da jakar kayan aiki. Sauran masu zuwa kuwa bai lura ba, don kullum suna shige da fice.

Sufeto ya sa aka fito da Milad suka tafi shagonsa.

"Yaushe rabonka da gidan kafilinka?"

"Tun bara, Basha," in ji Milad, yadda 'yan ƙasarsu ke kiran manya. "Na rantse."

"Mai shayi ya gan ka."

Milad ya shiga murza hularsa. Sufeto ya bar shi, ya jawo wani kwali cike da kaset ɗin da aka kawo gyara. Ya ɗauki ɗaya, rami a tsakiyar takardar. Ya ɗauki wani, rami. Duk kwalin haka yake.

"Me ya sa kake huda su?"

"Sukurun yana ƙasa, Basha. Sai in soka sukundireba in wuce. Takarda ce fa. Masu kaset ɗin ne ke zagina a kanta kullum, wai na kashe musu daraja. Ni dai a kunna ya kama."

"To me ya kai ka gidan, kuma me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Tsoro. Da na ji abin ya ɓace na san kaina za a zo. Bu Talal ne ya bugo mini, ya ce talabijin ɗin diwaniyya yana rawa, in je in duba kafin maigida ya dawo. Na je na tarar ba abin da ya same shi." Ya haɗa hannuwa. "Babbar 'yata saura zango ɗaya ta gama, Basha."

"Ka zauna a shagonka. Kada ka ƙara yi mini rantsuwa."

Sufeto ya sami Bu Talal a kasuwar gwanjo washegari, tsugune gaban tabarmar wani mai tsofaffin kaya, yana hura ƙurar wani kaset da baki.

"Kawu, ka shiga diwaniyyar abokinka a makon da ba ya nan?"

"In yi me? Gida ba maigida?"

"To ta yaya ka san talabijin ɗin yana rawa?"

Bu Talal ya miƙe yana kaɗe farar rigarsa. "Tun kafin tafiyar na lura. Alheri na yi, shi ne laifi? Kai yaro, na san mahaifinka tun yana tallar ƙanƙara. Ka kama ɓarawo ka sake shi, ka zo kana titsiye sa'an ubanka a kasuwa."

Sufeto ya juya ya bar shi a nan. Zargi yana da shi, hujja babu. Ba alƙalin da zai ba shi izinin bincika gidan dattijo saboda warin gam. Ga shi Bu Fawwaz yana bugo waya safe da yamma, har ya kai ƙara wajen babban jami'i, an ce wa Sufeto ya rufe fayil ɗin kafin ƙarshen mako. Rufewar kuwa sunan Milad za ta hau.

Ranar Alhamis bayan la'asar Sufeto ya je diwaniyyar tare da Kofur Bandar. Dattawa sun cika kujeru, ana zagayawa da shayi da dabino. Ya zauna ya buɗe fayil a gwiwarsa.

"Dole in rubuta siffar abin da aka sace. Kawu, me ake yi a wasan?"

"Mai nutso ne a bakin jirgi, ana kiɗa," in ji Bu Fawwaz.

"Sai kuma me?"

"Sai in kashe."

Sufeto ya ɗago kai. "Ka kashe?"

"In bari ya yi zafi ya lalace? Hoton farko ya isa."

"Tsaya, Kawu. Tun kana yaro kake da abin nan, ba ka taɓa buga shi ba?"

"Ban taɓa ba, ban kuma bar kowa ya taɓa ba. Shi ya sa yake sabo."

Sufeto ya rufe ido ya yi salati a ransa. Motoci uku na jiransa, iyalin mutum na kwana da fargaba, duk a kan wasan da ba wanda ya buga.

"To ni zan cike da kaina," ya ce, ya danna biro. "Mai nutso ya shiga teku, ya samo babban lu'ulu'u, ya dawo gida, ya auri 'yar mai jirgi. An gama."

"Haka ma nake jin yake," in ji Bu Fawwaz.

Bu Talal ya yi tsaki. Ya juya a kujera, ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin da ƙarfi.

"Aure za mu rubuta, Kofur," in ji Sufeto. "Da kiɗa da raƙuma."

"Wane aure?" Bu Talal ya fashe. "Ku daina faɗin abin da ba ku sani ba. Babu mace ko ɗaya a ciki. Teku bakwai ne, a na ƙarshe guguwa ke tasowa, in ba ka zubar da lu'ulu'un a ruwa ba jirgin nitsewa yake. Wai aure."

Wani dattijo ya tsaya da dabino a bakin leɓe.

"A ina ka gani, Kawu?" in ji Sufeto a hankali.

"An... an faɗa mini."

"Wa? Kai ka ce mini babu na biyunsa a duniya, ko hoton cikinsa ba a taɓa ɗauka ba. Mai shi bai wuce hoton farko ba."

Bu Talal ya sunkuyar da kai. Bu Fawwaz yana kallonsa kamar yau ya fara ganinsa.

Ba a ma nemi izinin alƙali ba, Bu Talal da kansa ya kai su gidansa. A ɗakinsa na sama kaset suna jere bisa lamba. Ya miƙa hannu ya zaro ɗaya mai hoton agwagwa. Takardarsa ma lafiya lau, da warin gam. Kofur ya cusa shi a kwamfuta, kiɗa ya tashi, ga mai nutso a bakin jirgi.

"Da na'urar busar gashin matata na ɗumama takardar ta ɗago," in ji Bu Talal, idonsa a ƙasa. "Ba zan iya huda ta ba."

"Me ya sa, Khalifa?" Bu Fawwaz ya kira shi da sunan yanka.

"Ka tambaya? Tare muka tsaya layi a shagon da ake sayar da shi, muna da gajeren wando. Ni ne a gaba. Na juya in gaida malaminmu, ka miƙa hannu ta kan kafaɗata ka karɓe na ƙarshe. Tun ranar nake roƙonka ka bar ni in buga sau ɗaya, sau ɗaya tak. Kai kuma duk Alhamis ka kunna mini kiɗa ka kashe."

"Da ka ce mini abin ya dame ka haka."

"Na faɗa har na gaji. Dariya kake yi." Ya juya ga Sufeto. "Niyyata in gama in mayar, ɗana. Guguwar ce ta riƙe ni."

"Na ji," in ji Sufeto. "In mayarwa ce niyyarka, me ya sa ka kira Milad ya je a gan shi? Me ya sa ka zo ofishina kana cewa a sa shi a jirgi?"



Bu Fawwaz ya fara cewa a bar maganar a gida. Sufeto ya girgiza kai.

"Satar taka ce, kana iya yafewa. Ƙagen da aka yi wa Usta Milad a ofishin hukuma ba naka ba ne. Kai ma, Kawu, gobe ka je Hawalli da ƙafarka ka ba mutumin nan haƙuri. Kofur, kai Bu Talal mota. Bar ankwar, ba inda zai gudu."

Aka sauko da Bu Talal a gaban matarsa da surukansa da maƙwabta da suka fito sallar magariba.

Ga abin da ya rasa. Kujerarsa ta diwaniyya, wadda ya zauna a kai tun yana saurayi, an ba wani. Abokin da suka tashi tare bai ƙara ɗaga wayarsa ba. A kasuwar gwanjo masu tabarma suna ganinsa suke janye kayansu kusa da ƙafa. Kotu ta ɗaure shi wata uku a kan ƙage. Da ya fito, 'ya'yansa sun riga sun kwashe kaset ɗin ɗakin sama kaf sun rabar don kunya, ko ɗaya ba su bar masa ba.