Dutsen da Muka Bari a Kan Tawul

Rana ta kusa faɗuwa muka isa gidan, ni da Yaya, bayan motarmu cike da bokitai da tiyo. Sana'armu ke nan, kifin ado na ruwan gishiri. Mu haɗa wa mutane tankin gilashi, mu zo wanki, mu kwashe kifin idan za a canja musu wuri. Aikin safe ya kamata ya zama, amma Yaya ko gobara ake yi a bayansa ba ya sauri. Tun a hanya nake mita, shi kuwa fito kawai yake yi yana kaɗa yatsa a sitiyari.

"Auta, bakinki ba ya gajiya ne?" ya ce. "Kifi dai ba ofis za su je ba."

Mai gidan likita ce, ita kaɗai take zaune. Tankin na mahaifinta ne, wanda ya ƙare rayuwarsa yana aiki a jirgin ruwa, ya rasu bara. Tankin ƙarami ne, gilashinsa ya dushe, kifayen sun yi masa yawa. Shi ya sa ta sayi babba, wanda ya cinye bango guda na falon. Tun kwanakin baya mun riga mun cika shi, mun dama gishiri, mun bar famfo yana juya ruwan. Kwaso mazauna kawai ya rage.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka kamfata ake yi a juye. Ba haka ba ne. Sai ka janye ruwan tsohon tanki cikin bokitai, ka ɗauke murjani, tsiron nan na ƙasan teku, ɗaya bayan ɗaya da lallami, don abu ne mai rai, yana jin taɓi ya tsuke. Sannan duwatsu. Kifi kuwa ba a jefa su sabon ruwa kai tsaye. Siririn tiyo ake sa musu, sabon ruwan ya riƙa ɗiga a bokitinsu har jikinsu ya saba. Falon ya cika da ƙarnin teku da wannan sautin, ɗis, ɗis, ɗis.

Duwatsun ma mukan ce masu rai ne, saboda daga teku ake ciro su, ramukansu cike da ƙananan halittu. Sai dai na can ƙasa, wanda aka jera sauran a kansa, mummuna ne na gaske. Baƙi ƙirin, girman kan mutum, ramuka ta ko'ina, ko tsiron murjani ɗaya babu a jikinsa. Yaya ya cire safar hannunsa don tana hana shi riƙo, ya zura hannu biyu ya cicciɓo shi. Sai ya ja tsaki ya tsotsi yatsarsa.

"Wani abu ya soke ni. Wannan kam ɓata mana sabon tanki zai yi. Likita, a bar shi?"

Ta dubi dutsen. "Baba bai taɓa yarda ya fita daga ruwa ba. Ko da muka tashi daga tsohon gida, a bokiti ya rungume shi a cinyarsa. Ni dai tun ina ƙarama ba na son ganinsa. Ku yi yadda kuka ga ya dace."

Yaya ya dire shi kan tawul a bayan ƙofa, muka ci gaba.

Muka jera sauran duwatsun, muka zaunar da murjani, muka saki kifin. Ragowar tsohon ruwan na kai banɗaki na zubar. Magariba ta riga ta shigo, hasken falon duk daga shuɗiyar fitilar tankin yake fitowa. Kifi idan ya shiga sabon wuri, ɓuya yake fara nema. Waɗannan ba su ɓuya ba. Jeruwa suka yi a jikin gilashi, manya da ƙanana, duk sun juya kai wajen ƙofa.

A lokacin na lura Yaya ya daina fito.

"Auta, buɗe mana tagogi," ya ce.

"A buɗe suke."

Ya yi tari, busasshe. Ya dafa bango ya sulale ƙasa. Na buɗe baki zan ce masa ya bar wasan banza, sai na ga idonsa. Bakinsa yana buɗewa yana rufewa, babu sauti.

Likita ta ɗauko jakarta da gudu ta durƙusa a kansa.

"Yana da asma?"

"Ko mura ba ta cika kama shi ba."

Ta ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, ta matsar, ta sake matsarwa.

"Iska tana shiga tana fita," ta ce ƙasa-ƙasa. "Amma kamar jikinsa ba ya karɓar ta."

Ta kira motar asibiti. Aka ce suna hanya. Ta kalle ni, na gane ba za su riske shi ba. Leɓensa ya fara yin toka-toka. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Shi ya raine ni tun rasuwar iyayenmu, ba ni da kowa a duniya sai shi.

Na zabura zan buɗe ƙofa mu ja shi zuwa mota. Ƙafata ta yi fatali da wani bokiti mai ɗan guntun ruwa a gindinsa. Ruwan ya malala a kan tayil, ya kai ga tawul ɗin.

Yaya ya ja numfashi. Dogo, mai ƙara.

Tawul ya shanye ruwan. Numfashin ya sake tsayawa.

Na tsaya cik. Kukan maƙogwaro nake ji, amma daga wuri biyu. Ɗaya daga inda Yaya yake kwance. Ɗayan daga bayan ƙofa.

Na sunkuya.

Ramukan dutsen suna buɗewa suna rufewa, daidai da bakin Yaya.

"Auta."

Muryar Yaya ce. Daga cikin dutsen ta fito.

"Ruwa."

Bokitai duk babu komai a ciki. Tsohon tanki yashi kawai ya rage masa. Ruwan famfo kuwa ba na gishiri ba ne. Na yi bisimilla na sunkuci dutsen.

Ɗumi gare shi, irin na jikin mutum. Wari ya buge ni, na ruɓaɓɓen kifi da tsohuwar laka. Nauyinsa ya fi ƙarfin girmansa, kuma yana bugawa a jikin cikina a hankali.

Ƙasa santsi. Ina tafiya ina jan ƙafa.

Wani abu ya fito daga rami ya zagaye wuyan hannuna. Yatsu ne. Sirara, masu sanyi, gaɓoɓinsu sun yi yawa.

Ban kalla ba. Na taka kujerar da muke hawa, na tura shi cikin sabon tankin.

Bai sake ni ba.

Hannuna ya nutse har kafaɗa. Ruwa ya taɓa haɓata, ya shiga bakina. Ta cikin shuɗin hasken na ga babban ramin tsakiya ya buɗe. Ido ne a ciki, yana kallona ba ya ƙiftawa.

Likita ta rungumi ƙuguna ta finciko ni, muka zube ƙasa tare.

A bayanmu Yaya ya yi wani irin tari, ya amayar da ruwa mai yawa. Da na rarrafa na ɗago kansa, gishiri nake shaƙa a numfashinsa.

Asibiti ba su sami komai a jikinsa ba. Washegari Likita ta roƙe mu, tana kuka, mu ɗauke dutsen daga gidanta. A cikin ruwa muka ɗauko shi, muka sa shi a tanki mafi girma da muke da shi a bayan shago, shi kaɗai. An yi addu'o'i, ana kan yi. Yaya ya koma aiki, amma idan famfon tankin nan ya tsaya, ko yana wani gefen gari sai ya dafe ƙirji. Ni kuma shatin yatsun yana nan a hannuna, ba na sa riga mai gajeren hannu.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu, dutsen girma yake yi. Da muka kawo shi, ruwa ya rufe shi da nisa. Satin nan kansa ya fara taɓo saman ruwa, Yaya kuma ya fara ɗan tari da safe. Na zagaya masu haɗa gilashi, kowa ya ce ba ya yin wanda ya fi namu.

Jiya na tarar da Yaya tsaye a gaban tankin, goshinsa a jikin gilashi.

"Auta, gida yake so. Ki taimaka mu kai shi teku."

"In mun kai shi, kai fa?"

Bai juyo ba.

"Ai tare za mu shiga."

Har yanzu ban yarda mu kai shi ba. Ina dai ƙara ruwa, kuma tankin ya cika har baki.