Murfin Injin Zarto

Saura kwana biyu a shiga kotu aka sace murfin.

Mai ƙorafin ya zo ofishin 'yan sanda da hannun dama a naɗe, injin yanka katako ya cinye masa yatsu uku. Kamfani na cewa shi ya cire murfin da ke kare haƙoran zarton don ya yi sauri. Shi kuwa ya ce karyewa murfin ya yi. Lauyansa ya sa hannu a cikin karyayyen murfin da jan alƙalami, aka ajiye shi a ƙarƙashin gadon mai ƙorafin a matsayin shaida. In babu murfin, babu diyya.

"An fasa ƙofa?" in ji Sufeto.

"Ko kwaɗon ba a taɓa ba, ranka ya daɗe."

"Wa ke shiga ɗakin?"

"Matata, sai ƙanena. Shi ke saka min maɓallan riga kullum da safe. Kar ma ka kawo shi a ranka."

Shekara ashirin Sufeto yana aikin nan, ba maganar da ke ɗaga masa hankali irin wannan.

A masana'antar, manaja ya tare shi da fara'ar da ta yi yawa.

"Murfi? Ai shi ya cire ya ɓatar. Mun yi odar sabo, bai iso ba."

"To wancan na jikin injin fa?"

Manaja ya waiga, fara'ar ta ɗauke. Da gani ya kwana biyu bai leƙa wajen aikin ba.

Sufeto ya sa aka kashe injin, ya durƙusa. Ɗanyar walda ce a gefen murfin, ko fenti ba a shafa ba. Ya leƙa ciki, sai ga jan rubutun lauya.

"Wa ke kan injin nan yanzu?"

Ƙanen mai ƙorafin ne. Makon jiya sharar garin katako yake yi a masana'antar.

"A bola na tsinta," ya ce.

"Bolar ƙarƙashin gadon yayanka?"

Nan take ƙanen ya fayyace komai.

"Manaja ya ce in ɗauko in jefar, zai ba ni injin. Da na tsaya gaban zarton ba murfi, wallahi gabana ya faɗi. Na roƙi sabo, ya ce in yi haƙuri. Shi ne na kai aka yi masa walda, na mayar."

Takaici ya ishi Sufeto. Wato dai yaron ya san ciwon yatsa sarai.

Aka kwance murfin, aka tasa ƙeyar manaja. Ana sa wa ƙanen ankwa yayan ya iso bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon hannayen ƙanen nasa biyu.

"Yaya, tsoro na ji."

"Na sani," ya ce a hankali. "Sufeto, a sassauta masa ankwar. Yatsunsa goma ne, yana ji da su."