Farfelar Kyaftin Isyaku

Bayan an sakko daga Juma'a Kyaftin Isyaku ya buɗe rumfar bayan gidansa a Tarauni, ya tarar da ƙaramin jirginsa babu farfela. Kafin la'asar Sufeto Tanko ya iso.

Jirgi ne mai kujera biyu, fukafukansa a naɗe, ana jan sa da mota zuwa fili. Kyaftin ya bar tuƙin manyan jirage da daɗewa, wannan na shaƙatawa ne. Duk zamanin soja yana jiran izinin tashi, bai samu ba sai da farar hula suka dawo. Gobe Asabar zai tashi.

"A nemo mini ita yau," in ji shi. "Ko ɗana ne a ɗaure shi."

Tanko ya tsuguna. Ba a ɓalle kwado ba. Notunan farfelar na cikin wani gwangwani, an rufe su. A jikin ƙarfen da aka cire ta kuwa kiyashi sun yi layi. Ya shafa, ya sansana.

Ya fara da Lawan direba.

"Ina kake da azahar?"

"Masallaci, ranka ya daɗe. Ni na kai Alhaji, kafaɗata na gogar tasa."

"In ka kwance ƙarfe, me kake shafa masa?"

Lawan ya dube shi kamar ya tambayi sunan ruwa. "Giris mana."

"Wa ya shigo gidan nan kwanan nan?"

"Dakta Stephen, jiya. Har suka yi cacar baki."

Asibitin Dakta Stephen na Gyadi-Gyadi, saman wani shagon magani. Mutumin Filato ne, abokin Kyaftin tun suna samari, shi ke duba lafiyar matuƙa kafin a sabunta musu lasin.

"Wata uku da suka wuce na duba shi," in ji likitan. "Ido, zuciya, jini, lafiya lau. Jiya na ga yana jan ƙafa, na ce ya dawo, ya kira ni boka."

"Ba ka zuwa Juma'a. Kana da lokaci."

Likitan ya yi dariya. "Ni da sifana? In na so hana shi tashi, janye shaidata kawai zan yi. Amma sai da hujja. Doka ta ce in lafiyar matuƙi ta canja, shi zai dakatar da kansa ya zo ya faɗa. Wannan tsohon kuwa ba ya faɗa."

Tanko ya koma Tarauni, ya nemi ganin matar gida. Hajiya Lami ta fito falo ta zauna nesa da mijinta, tana gyara mayafi.

"Hajiya, kin ji motsi?"

"Ina kicin."

"Kin iya kwance noti?"

"Shekara nawa ina riƙe masa fitila da sifana? Ko akuya ce ta koya."

"Lami!" in ji Kyaftin.

Tanko ya juyo gare shi. "Ɓarawo ba ya adana noti, ba ya kuma tsoron tsatsa ta ci abin da ya bari. Wanda ya cire farfelar nan yana da niyyar mayar da ita. Makanike giris zai shafa. Wannan man gyaɗa ya shafa, shi ya kira kiyashi. An kuma zaɓi lokacin da duk mazan gida ke masallaci." Ya dubi Hajiya. "Tana ina?"

"Cikin tabarma, bayan ƙofar ɗakina. Na naɗe ta da zane don kada ta kwarzane."

Kyaftin ya miƙe, ya sake zama.

"Don me, Hajiya?"

"Ba zan faɗa ba."

"Laifi ne fa."

"To a tafi da ni. Na rantse da Allah ba zan gaya wa kowa abin da na gani ba. Shi ya sa ni rantsuwar." Ta nuna mijinta da haɓa. "Amma ban rantse zan bar farfela ba."

Tanko ya zuba wa Kyaftin ido, ya jira. Fanka na juyawa a sama.

"Sau biyu ne kawai," in ji Kyaftin daga ƙarshe, murya ƙasa. "Kofi ya suɓuce mini. Bakina ya karkace, magana ta ƙi fita. Kafin ta kawo ruwa ya wuce."

"A ƙasa akwai mai kawo ruwa," in ji Hajiya. "A sama wa zai kawo? Ka faɗo kan gidajen Darmanawa, in rasa ka, mutane su rasa 'ya'yansu?"

"In na faɗa wa Stephen, shi ke nan na gama tashi."

"Wataƙila," in ji Tanko. "Likitan ya ce sai ƙarfe shida yake rufe asibiti."

Kyaftin ya daɗe yana duban hannunsa na dama. Sannan ya ɗauki hularsa.

"Sufeto, ka ce an samu kaya."

"Ɓarawon fa? Ka ce a ɗaure."

"Bar mini ita. Lami, ɗauko takalminki. Kin fi ni sanin yadda abin ya faru, ke za ki gaya masa."

"Rantsuwar fa?"

"Na yafe."

"Ba kai ke yafewa ba," in ji ta, tana miƙewa. "Da bakinka za ka faɗa. Ni zan zauna ne in gyara inda ka rage."