Ƙarar Baron Baba

Ranar da ta fara ganinsa, faɗa ta rufe shi da shi. Yana tsugune a tsakiyar lambun unguwa da wani dogon ƙarfe mai murɗiya, yana shirin luma shi a fangalin latas, ita kuwa ta yar da bokitin ban ruwa ta taho a guje.

"Kai malam! Wa ya ba ka izinin haƙa a nan?"

Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya yi wani ɗan murmushi mai ban haushi. "Ke kika ba ni, ranki ya daɗe. Ba ke kika cike fom ɗin neman tallafi ba?"

Ita ce kuwa. Wata ƙungiya ce ke taimaka wa lambunan unguwanni da famfo mai aiki da hasken rana da ɗakin sanyi na ajiye kayan lambu, amma sai an gwada ƙasa tukuna. Shi ne ma'aikacin gwajin.

Lambun nan mahaifinta ne ya kafa shi, a filin da tsohuwar masana'antar batir ta tashi ta bari, kuma gida arba'in ke cin ganyensa. Shekara goma sha biyu Baba yana turo baro kullum da asuba, cike da ƙasar da yake ɗebowa daga bakin rafi. Mutane har cewa suke ya taɓu, in ba haka ba wa zai kawo ƙasa filin da ke cike da ƙasa? Bara tari ya kwantar da shi, bai tashi ba. Dokoki biyu ya bari: kada a haƙa fiye da kamu ɗaya, kuma kada a shuka komai a kusurwar ƙarshe ta jikin katanga. Bai faɗi dalili ba.

Abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba shi ne, tun da ya rasu, duk asuba sai ta ji ƙarar tayar baron, ƙii, ƙii, ta wuce ta ƙarƙashin tagarta. Alhali baron na ɗakin ajiya a kulle.

"Sama-sama kawai za ka ɗiba," in ji ta.

"To. Sai dai in yi ta dawowa har ki yarda in zurfafa."

Ai kuwa ya yi ta dawowa. Mutumin da aka aiko gwajin ƙasa, sai ga shi yana cire ciyawa, yana ɗaure tumatir a jikin sanda. Har mukullin lambun da na ɗakin ajiya ta ba shi don ya riƙa barin kayan aikinsa. Ta sa masa suna Mai Kwalba, saboda ƙananan kwalaben samfur da ke ƙara a jakarsa. Shi kuma ya ce ita ce Sarauniyar Latas.

"Sarauniyar Latas, na gwada zuciyata yau a ofis. Sakamakon ya nuna ke ce a ciki, sama da ƙasa."

"Mai Kwalba, injinku ya lalace. Ka ci abinci dai ko?"

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarta Umma ce ta ƙi. Wai mai tone-tone? Allah ya kiyaye! "Mahaifinki yana kan gadon mutuwa ya riƙe hannuna ya ce kada a haƙa. Ke kuma kin kwaso mana wanda sana'arsa ke nan. So kike a tono abin da zai zubar masa da mutunci yana kabari?"

Mai shagon iri na bakin titi, wanda ya daɗe yana zarya gidansu da 'yan tsarabobinsa, shi ma ya kawo tasa dabarar. "Haba ƙanwata, abu mai sauƙi. In cika miki kwalba da ƙasar gonata, ki miƙa masa. Tallafi ya fito, kowa ya huta."

Gaskiya ta yi kwana biyu tana juya maganar, har ta furta wa Mai Kwalba. Fuskarsa ta canza. "Yara na cin ganyen nan, zuciyata. Ko don ke ba zan yi ba."

Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya. Ta nuna masa kusurwar ƙarshe. "To haƙa! Haƙa ka huta!"

Bayan mako guda saƙonsa ya shigo.

"Sakamako ya fito. Akwai gubar dalma mai yawa a kusurwar ƙarshe. Don Allah kada ki yanke hukunci, ki ba ni kwana uku."

Layin farko da na biyu kawai idonta ya gani. Ta kashe wayar ta zauna a ƙasa. Wato Baba ya sani? Ya sani yake raba wa masu ciki alayyafo, yake cusa wa yara karas a aljihu? Ta tuna hannunsa mai kaushi yana wanke mata tumatir yana cewa ci, 'yar Baba. Wallahi ta gwammace a ce lambun ya ƙone ƙurmus da a ce wannan hannun guba ya yi ta miƙa wa mutane. Ta rufe ƙofar lambun, ta daina fita. Ƙarar baron kuwa ba ta fasa zuwa ba.

Asubar rana ta uku ƙarar ta fi ta kullum ƙarfi. Tana kwance ta toshe kunne, sai ga Umma a bakin ƙofa, carbi a hannu, ido waje.

"Ke ma kina ji?"

Ta tashi zaune. Ba wanda ya taɓa jin ƙarar nan tare da ita sai yau. Suka riƙe hannun juna suka fita, gari ya fara wayewa, suka bi ƙarar har lambu.

Mai Kwalba ne. Hancinsa da bakinsa a rufe, rigarsa sharkaf da gumi, yana turo baron Baba cike da ƙasar rafi.

"Ina kwana, Umma. Ku gafarce ni, ku zo ku ga wani abu."

Ya kai su gefen wani fangali da ya yanka kamar burodi. Kamu ɗaya na baƙar ƙasa mai kyau, ƙarƙashinta tsakuwa, ƙarƙashin tsakuwar tamfol mai kauri, an jera bulo an danne bakinsa.

"Duk fangalin da na duba haka yake. Na gwada ƙasar, na gwada ganyen, tas suke. Baba ya san filin na da guba, shi ya sa ya rufe shi taku bayan taku, ya ɗora ƙasa mai lafiya a kai. Kusurwar can ce kaɗai bai kai gare ta ba. Na rubuta wa ƙungiya komai, sun amince da tallafin, har da kayan rufe ta."

Umma ta durƙusa ta shafa tamfol ɗin. "Da ya faɗa, da an kewaye filin an kore mu, ga shi babu wani fili. Shi ya sa ya bari ana ce masa mahaukaci." Kuka ya ci ƙarfinta. Can ta ɗago ta dubi saurayin. "Ɗana, ka turo manyanka."

Ita kuwa Sarauniyar Latas, sai ta matsa kusa da Mai Kwalba. Ta kama hannu ɗaya na baron, ya kama ɗayan.

Unguwa duka ta fito aka ƙarasa kusurwar, har da masu dariyar da, suna ɗauko ƙasa a buhu kai a sunkuye. Mai shagon iri ma ya zo, ba wanda ya tanka masa. Bayan wata biyu aka ɗaura aure, gida arba'in suka yi ta sa albarka, Umma na cewa Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai riƙon amana.

Washegari da asuba amarya ta farka a kan lokacin da ta saba, ta kasa kunne. Shiru. Ta ƙara saurarawa, sai kukan tsuntsaye da sautin sabon famfo can nesa. Hawaye suka zubo mata.

"Zuciyata, lafiya? Me ya faru?"

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa.

"Baba bai zo ba yau," in ji ta. "Ya gama aikinsa. Allah ya ji ƙansa."

"Amin," in ji shi, ya ƙara riƙe hannunta.