Kwalekwale Ɗaya a Kowace Gaɓa

"Baba, don Allah ya isa haka..."

Malin ce ta faɗa. Tana tsakiyar kwalekwale, ruwan sama na bin wuyanta yana gangarawa cikin riga.

Mahaifinta Gunnar ko kallonta bai yi ba. Idonsa na kan Torkel da ke tuƙi yana haki, kwalekwalen na tafiya a karkace kamar akuyar da ake ja kasuwa.

"Hannun hagu, ɗan birni. Ko a tsakiyar tafkin kake so mu kwana?"

Tun da suka shigo duwatsun arewa haka ake fama. Torkel ɗan birnin Malmo ne, bai taɓa hawa abin da ya wuce matakalar bene ba. Da ya zo neman auren Malin, tsohon ya ce shi ba ya gane mutum a falo, sai a kan dutse. Bai tsaya nan ba, sai da ya gayyato Rasmus, ɗan amininsa, wanda ya daɗe yana yi wa Malin sha'awarsa. Ita kuwa tun rasuwar mahaifiyarta uban ne ya raine ta shi kaɗai, ta kuma yi masa alkawarin ba za ta yi aure ba sai da albarkarsa. Idan tafiyar nan ta ƙare bai sauko ba, ta rasa Torkel ke nan.

Bawan Allah ya sha wuya. Takalmi ya cinye masa dugadugai, sauro ya mai da wuyansa gidan biki, kullum shi ne na ƙarshe a layi. Amma duk asuba sai Malin ta tarar da safarta a bushe da ɗumi, don a cikin rigarsa take kwana. Wanda bai taɓa zura ƙafa cikin jiƙaƙƙen takalmi da sanyin safiya ba, ba zai san girman wannan kyauta ba.

Kwalekwale uku ne a tafkin, kuma ƙa'ida ce ba a barin gaɓa babu ko ɗaya. Wanda ya hau na ƙarshe sai ya ƙetare, ya jawo wani ya mayar, sannan ya sake dawowa. Rasmus ya san da haka sarai. Biyu ya tarar, maimakon ya jira a tafi tare sai ya ɗauki ɗaya ya wuce shi kaɗai, wai zai je ya hura murhu.

Da suka iso, yana tsaye a gaɓa cikin busassun kaya, hayaƙi na tashi daga bukkar katakon da ke bayansa. Ya dafa kafaɗar Torkel, ya rage murya kamar mai tausayi, ya ce masa ya bar zancen mayar da kwalekwale kawai, kaka ta shigo, ba wanda zai sake biyowa hanyar nan bana.

Malin ta gane tarko ne, ga Baba ya yi kamar yana gyara jaka alhali kunnensa na wurinsu.

Torkel ya dubi tafin hannunsa, bororo duk ya fashe. Ya dubi hayaƙin nan har sai da ya haɗiyi yawu.

"Idan mai zuwan irina ne fa?" ya ce a hankali. "Ai ba zai kai safe a can ba."

Ya sunkuya ya fara ɗaura igiyar kwalekwale na biyu. Kafin ya gama, Malin ta riga ta faɗa ciki ta kama filafili ɗaya.

"Malin, fito. Iska na tasowa."

"Kai ka koya min, Baba."

Sun sha ruwa a hanya, har da na tafkin. A can ƙetaren ba kowa, sai duwatsu da kukan iska. Suka ja kwalekwalen sama suka ɗaure, suka zauna a gindinsa suna numfashi. Torkel ya laluba aljihu ya ciro guntun cakulan da ya rage masa, ya ba ta babban ɓarin.

"Ban iya dutse ba, Malin... Gara na faɗa miki gaskiya."

"Na sani, masoyina. Tun ranar farko na sani."

Ta yi dariya, hawaye na haɗuwa da ruwan sama a kumatunta. Godiya ce ta cika mata zuciya, ga ɗan zaƙin da ke narkewa a bakinta, ga mutumin da ya ba ta shi.

Da suka doso gaɓa a karo na ƙarshe, ta hango mutum tsaye cikin ruwa har gwiwa, a wannan sanyi mai huda ƙashi. Baba ne. Ya kama hancin kwalekwalen ya ja shi gaɓa.

A cikin bukka ya tashi Rasmus daga kujerar da ke kusa da murhu, ya ce ya je ya faso itace tunda shi ne mai sauran ƙarfi. Ya zaunar da Torkel, ya zuba masa gahawa, ya jawo hannayensa ya fara naɗe su da bandeji yana mita, wai bai taɓa ganin mummunan tuƙi irin wannan ba.

Malin ta tsaya riƙe da kofi, ta kasa sha.

"Baba..."

"Ke yi shiru, da mijinki nake magana." Ya ɗaure bakin bandejin, bai ɗago kai ba. "Kada ku kuskura ku sa bikin a watan Agusta. Lokacin dutse ne, kuma akwai sauran abin da zan koya maka."